Kalma Ɗaya a Gidan Baba Don

Akwai maganar da kuka girma kuna jin ta guntu-guntu, kuma ba daga bakina ba. Na san an faɗa muku. Na ga yadda Ummi take sunkuyar da kai duk ranar da aka ambaci aikin kula da tsofaffi, ke kuma Jidda kin taɓa dawowa daga islamiyyar masallacin Sterling da hijabi a yage, kika ce ƙofa ce ta kama shi. Ba ƙofa ba ce, 'yar nan, ni na haife ki. Cewa aka yi uwarku ta doki wani tsohon Bature har aka kore ta daga aiki. Na yi shiru shekara da shekaru, babanku ma, Allah ya jiƙansa, ya yi shiru don ni na roƙe shi. Yanzu da gwiwoyina suka fara ba ni notis, gara in rubuta muku yadda abin ya faru. Ku karanta da Hausarku ta 'yan koyo, inda ya gagare ku ku tambayi juna.

Lokacin muna zaune a Gaithersburg, jihar Maryland, a benen nan mai ɗaki biyu da sai an sauka ƙasa ake wanki. Ni nas ce tun daga gida, na daɗe a ɗakin tiyata a Kano, amma a nan takardata ba ta ci komai ba sai na sake jarrabawa. Kafin nan na samu aiki a wani kamfani mai tura mata gidajen tsofaffi: wanka, ba da magani, ɗumama abinci, canza zanen gado. Doka ɗaya suka yi ta nanata mana ranar farko. Duk wadda aka samu da cutar da tsoho, sunanta zai shiga wani kundi na hukuma, kuma wadda sunanta ya shiga kundin nan ta yi sallama da aikin jinya a ƙasar nan ke nan. Na ji, na gyaɗa kai, ban ɗauka da ni ake ba.

Tsohon da aka ba ni mutumin Sifaniya ne, malamin tarihi da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya Marisa tana aiki a Largo sai ranar Asabar take zuwa. Na ji maƙwabta suna cewa Don kaza, Don kaza, sai na ɗauka Don ɗin ne sunansa, na riƙa kiransa Baba Don. Sai da na yi wata guda sannan ya gaya mini, yana dariya har da tari, cewa Don kamar mu ce Malam ne ko Alhaji, wato dai Baba Malam nake ta ce masa. Na ce to ai ban yi ƙarya ba. Sunan ya bi shi.

Daga ɗakinsa zuwa banɗaki akwai wani siririn lungu, bangon cike da hotunan manyan ƙasarsu, tun daga masu rawani har masu kwat. Tafiyar ba ta fi taku goma ba, amma sai mu yi rabin awa, domin ba ya wuce hoto bai gabatar mini da mai shi ba, kamar ya kai amarya gaida dangi. Ni ga ruwan wanka yana hucewa, shi ga ɗaliba ya samu a ɓagas. Akwai wata sarauniya mai kumburarren kumatu, ita da mijinta suka ƙwace birni na ƙarshe da ya rage a hannun Musulmi a Andalus, ita ce kuma ta ba wani matuƙin jirgin ruwa guzuri ya ƙetaro teku ya faɗo wannan nahiyar. Kullum sai ya nuna ta da sandarsa.

"Wannan ita ta kori mutanenki," in ji shi.

"Baba, ni 'yar Kano ce. Ba ta kore ni daga ko'ina ba."

"Don ba ki zo ba ne. Da kin zo da ta kore ki."

Kusa da ita ya rataye sarkin Musulmin da ta kora, wanda aka ce ya tsaya a kan tudu ya waiwayi garinsa yana kuka. Wai da gangan ya haɗa su, su yi ta kallon juna har tashin duniya. Akwai wani sarki mai baƙaƙen kaya da ya mallaki rabin duniya yana zaune a ɗan ɗaki yana sa hannu a takardu. Nawa gwanin shi ne wani likita Musulmi na Kurɗuba da ya ƙera kayan tiyata tun zamanin da babu lantarki. Da Baba Don ya nuna mini zanen almakasansa a littafi, wallahi na gane wasu, na sha miƙa irinsu. Sai wani likita mai gemu da ya fara zana ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya bayan ɗaya. Sai sarkinsu na baya-bayan nan, wanda sojoji suka tashi juyin mulki ya sa kaki ya fito a talabijin ya ce su koma bariki, kuma suka koma. Na ce tabɗi, mu namu ba a taɓa ce musu su koma sun koma ba.

A ƙarshen lungun akwai ƙusa ɗaya babu hoto. Na tambaye shi wane ne ya faɗo. Ya ce ba wanda ya faɗo, wurin wani Janar ne da ya mulke su shekara kusan arba'in, tarihi ya tilasta a ba shi ƙusa amma ba wanda zai tilasta a rataye shi a gidan nan. Bai faɗi sunansa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ya rage murya, ya ɗan dubi taga, a cikin gidansa, a Maryland, mutumin kuwa ya daɗe da mutuwa. Na san wannan duban. Haka mahaifina yake yi idan rediyo ya wayi gari da kiɗan soja, ya rage ƙara, ya ce kowa ya shiga ɗaki. Ban ƙara tambayarsa ba.

A shekara ta biyu ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa. Da farko sunayen mutanen bangon ne suka ɓace masa, ya tsaya gaban sarauniyar yana kallonta kamar ya taɓa ganinta a kasuwa. Daga nan Turancin da ya koyar da shi shekaru ya fara tafiya, har ya zama ba ya jin komai sai Sifaniyanci. Likita ya ce lallai a riƙa fita da shi yana taka ƙafa kullum, in ba haka ba zai kwanta ke nan. Ni kuwa ba ni da bakin da zan ce masa tashi mu je. Akwai wata Lupe, 'yar ƙasar Salbado, da take zuwa goge-goge ranar Talata, mace mai fara'a, yarensu ɗaya. Na tare ta a kicin na ce ta koya mini yadda ake cewa mu je yawon shan iska. Ta ce mai sauƙi ne, paseo. Bakina na Kano ya ce faseyo. Ta yi ta gyara mini har na iya, ta tafa mini. Na koma gida ina jin kaina, har na gwada wa babanku a kan abinci.

Washegari an yi sanyi mai shiga ƙashi, na ari doguwar baƙar kwat ɗin babanku, na sa manyan takalman ƙanƙara. Ban cire su ba tunda fita za mu yi. Na je ƙofar ɗakinsa na ƙwanƙwasa sau uku, domin ni ba a koya mini faɗawa ɗakin namiji babu sallama ba, ko da tsoho ne. Na buɗe. Yana zaune bakin gado da rigar barci. Na ɗaga murya yadda ake yi wa mai nauyin ji, ina murmushi har kunne.

"Baba Don! Paseo!"

Na yi aiki a tiyata, na ji ihun mutane iri-iri, amma ban taɓa jin irin wanda ya fito daga bakin tsohon nan ba. Siririya ce muryar, ta yaro. Ya zabura zai gudu, mutumin da sai da sanda yake miƙewa, ƙafarsa ta harɗe da bargo ya tafi zai buga kai da gefen teburi. Na cafke damtsensa da iya ƙarfina na riƙe. Yana fizgewa, ina riƙewa, fitsari yana bin ƙafarsa. Kuma kun san me nake ce masa don in kwantar masa da hankali? "Paseo, Baba, paseo ne kawai." Innalillahi. Sai da ya gaji ya sulale ƙasa yana rawar jiki na samu na wanke shi na mayar da shi gado.

Da rana na ga damtsen. Fatar tsoho ce, ga shi yana shan maganin tsinka jini, yatsuna huɗu da babban yatsa sun fito raɗau, shuɗi-shuɗi. Akwai littafin da muke rubuta duk abin da ya faru a yini, doka ce a rubuta ko ƙwarzane ne. Na ɗauki biro, na tuna kundin nan, na ajiye. Na ɗora masa ƙanƙara, na sa masa riga mai dogon hannu, na rubuta cewa ya ƙi fita. Wannan laifina ne, ba na Lupe ba, ba na kowa ba, tsoro ne ya sa ni. Kuma ban gane komai ba, na ɗauka ciwon ne ya motsa. Kwana uku a jere, har da ranar, ina zuwa ƙofar nan da kwat ɗin nan ina faɗar kalmar nan, don likita ya ce a fita da shi. A rana ta uku na same shi a bayan labule ya toshe bakinsa da hannu biyu.

Ranar Asabar Marisa ta zo, ta cire masa riga za ta canza, ta gani. An kira ni na zo. Ina shiga falo ya nuna ni da yatsa yana wata magana da sauri-sauri, hawaye yana zuba. Marisa ta dube ni, matar da take kawo muku alewa, ta ce:

"Ya ce kin zo ki tafi da shi. Ya ce ke kika riƙe shi. Ba ni mabuɗin gidan."

Sati biyar na yi a dakace ana bincike. Ban san ko za ku tuna ba, lokacin ne na daina kai ku wurin lilo. Waya ta yi ƙara, in ƙi ɗauka. Mota ta tsaya a ƙasa, in leƙa ta labule in ga ko ta 'yan sanda ce mai fitila. Akwatin wasiƙa ya zame mini dodo, sai babanku ya dawo daga aiki yake buɗewa. Littattafan jarrabawa suna kan teburi ko buɗe su ba na iya yi, me zan karanta alhali ana shirin rubuta sunana cikin masu azabtar da tsofaffi? Mutum ɗaya na gaya wa, wata Hajiya da nake ganin girmanta, na ce ta sa ni a addu'a. Ta sa ni kuwa. Kafin Juma'a ta zagayo, addu'ar ta kai Largo ta kai Sterling, ta dawo mini da ƙari, wai har da bulala. A masallaci mata suka fara matsa mini wuri fiye da yadda nake buƙata.

"Rabi, in kin je zaman binciken kada ki yi dogon bayani," in ji babanku. "Abin da aka tambaye ki kawai. Kin san bakinki."

"Malam, to in ce me? Yatsuna ne a jikinsa."

"Ki ce faɗuwa zai yi kika tare. Gaskiya ce ai."

"Gaskiya ce. Amma me ya sa yake gudu na? Shi ne ban sani ba, shi ne kuma za su tambaya."

Ranar zaman, a ofishin kamfanin aka yi. Ga wata mata daga hukuma da fayil a gabanta, ga shugabarmu, ga Marisa a can gefe ta harɗe hannu, ita ta nemi a bar ta ta zauna. Na samu kujera na zauna. Matar ta tambaye ni me ya sa ban rubuta tabon a littafi ba. Na ce tsoro. Ta rubuta wani abu mai tsawo, na ce shi ke nan, an gama da ni. Sai ta ce in faɗa mata safiyar nan daki-daki, tun daga shigata gidan, abin da na sa, abin da na yi, abin da na ce. Shawarar babanku ta tafi, na saki baki. Na faɗi kwat, na faɗi takalma, na faɗi ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce sai na ce masa paseo.

"Kika ce masa me?"

Marisa ce. Ta sauke hannunta. Na maimaita, har da ɗan alfahari, don a san na yi ƙoƙarin koyon yarensa. Fuskarta ta yi fari fat, ta dafe teburi. Sannan ta fara magana, ba mu take kallo ba. Ta ce lokacin yaƙin basasar ƙasarsu, wanda ya kawo Janar ɗin nan kan mulki, idan za a kashe mutum ba a cewa za a kashe shi. Zuwa ake yi gidansa a ƙwanƙwasa, a ce ya fito a ɗan yi yawon shan iska. Kowane ɓangare ya yi wa ɗaya haka, har kalmar ta lalace a bakin mutanen zamanin. Kakanta malamin makarantar ƙauye ne. Mutanen Janar suka zo masa da sassafe da dogayen kwat, suka faɗi kalmar. Babanta yana ɗan shekara bakwai, ya riƙe hannun ubansa har bakin ƙofa ya ƙi saki, sai ɗaya daga cikinsu ya cafke damtsensa ya ɓamɓare shi. Har yau ba a san inda aka binne mutumin ba.

"A gidanmu ba a faɗar kalmar nan," in ji ta. "Ni da na taso, in za mu fita sai ya ce mu je sayen burodi. Ko da akwai burodi a gida."

Lupe ba ta sani ba, a ƙasarsu yawo yawo ne. Ni ban sani ba. Na zauna a kujerar nan ina lissafa sau nawa na faɗa masa, ina murmushi. Matar hukuma ta rufe fayil ɗinta a hankali. Bayan kwana goma takarda ta zo: ba a same ni da cutarwa ba, sunana bai shiga kundi ba, sai gargaɗi a kan ƙin rubutawa, kuma na cancanci gargaɗin.

Marisa ta kira ni tana kuka tana ba ni haƙuri, ta ce in dawo, an canza masa mata uku ba wadda ta iya da shi kamar ni. Babanku har sujada ya yi. Ya ce wannan ce hujjar da ba mai iya musawa, takarda ba wanda zai karanta, amma in aka ga mutanen da kansu sun mayar da ni gidansu, bakin kowa ya mutu. Ni ma haka na gani, kuma ina so, Allah ya sani ina so. Na gaji da zama a sahun baya a masallaci.

Na je ranar Litinin da rana tsaka. Na sa atamfa mai haske, na cire takalma a waje, ban ƙwanƙwasa ba, Marisa ta shiga gabana. Niyyata in durƙusa in nemi gafararsa, ko zai gane ko ba zai gane ba. Yana zaune a kujera an lulluɓa masa bargo, ya rame. Ya ɗago ya gan ni. Bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Ya dafa hannun kujera ya miƙe da ƙyar, ya tsaya ƙyam, ya haɗa ƙafafu yadda yaro yake tsayawa gaban babba. Ya yi magana a hankali, da ladabi, ya maimaita.

"Me yake cewa?"

Marisa ta ƙi faɗa. Na ce don Allah.

"Ya ce don Allah ki jira ya ɗauko wa babansa takalmi. Da silifas ya fita, kuma akwai sanyi."

Na dubi tsohon nan da ya san sarakunan shekara dubu, ya manta su duka, bai manta wannan safiya ba, kuma yanzu fuskata ce a kanta. Atamfa ba ta canza komai ba. In na dawo, kullum da safe sai an zo tafiya da ubansa, kuma ni ce zan zo. Na ja da baya har na fita daga inda zai iya ganina. Na ji Marisa tana lallashinsa, na ji kujera ta karɓe shi. Mabuɗin gidan da ta mayar mini a mota muna zuwa na ajiye mata a kan teburin kicin.

Da babanku ya dawo ya same ni ina tsince shinkafa. Ya dubi fuskata ya zauna bai cire takalmi ba. Na gaya masa duka. Ya ce to a bar shi ya bayyana wa mutane dalili. Na ce a'a, bakin da ya mayar da riƙo bulala ba zan ba shi kukan tsohon nan ya yi yawo da shi ba, ya ishe shi haka.

"Rabi, kin san abin da za su ce. Za su ce da gaske ne, shi ya sa ba a mayar da ke ba. Yaran nan za su ji."

"Na sani."

"To in an tambaye ni in ce me?"

Na ci gaba da tsintar shinkafata.

"Ka ce musu ban koma ba."